Gashin Zabo a Bakin Galma

Ƙugiya ce ta kai ni Zariya a ƙarshen damina. Wani aminin mahaifina, wanda muke kira Baba tun muna yara, ya yi karatu a Sikotland da ƙuruciyarsa, ya dawo ya koyar a Samaru har ya ajiye aiki, sannan ya gina gida a gindin Kufena, daf da Wusasa. Daga can ya taho da wata sana'ar hannu da ba ta da kasuwa a ƙasarmu: a ɗaure gashin tsuntsaye da zaren siliki a jikin ƙugiya, ta fito da siffar ƙwaro mai ado, a jefa wa kifi ba tare da an sa koto ba. Da idonsa ya fara rauni sai ya aiko mini cewa in ina son ganin yadda ake yi, in zo tun hannu yana jin magana. Gani ya kori ji, na sa rana.

Bayan asuba na isa tashar Unguwa Uku. Naira 5,000 na biya kujera a cikin Sharon, kuma duk wanda ya miƙa kuɗi sai ya tuna wa ɗan kamasho abin da ake biya kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shi kuwa ya ce a je a tambayi gidan mai. Muka bar Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa, Challawa tana kwance ja wur da ruwan ƙarshen damina. Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce iya ganinka, albarkacin ruwan Tiga. A Kwanar Gafan rumfunan tumatir ba kowa, lokacinsu bai yi ba, sai kwanduna da aka kife. Hanyar ta yi kyau tun bayan aikin da aka fara a 2018, har direba ya riƙa mantawa da cewa mutane ya ɗauko, sai da wata dattijuwa a baya ta ce masa, "Ɗan nan, mu da rai muke son isa." Shingayen jami'an tsaro muka wuce su da ɗaga hannu.

Da ka bar Kwanar Dangora ƙasa take fara sauya kama. Ciyawa ta fi tsayi, itatuwa sun fi duhu, dawa da masara sun fi na gida ƙiba, domin ruwan sama ya fi sauka a nan. A Tashar Yari muka tsaya shan mai, yara suka yanyame mota da rake da mazarƙwaila, kayan ƙasar Makarfi. Sandar raken da za a yanka mini gida huɗu a Kano, a sayar mini kowane yanki da kuɗinsa, a nan guda aka miƙo mini a kan naira 300, mai sayarwar ma yana ba ni haƙuri wai kaya sun yi tsada. Na sayi mazarƙwaila ta tsaraba.

A Kwangila na sauka. Mu a Kano tun 2013 aka hana acaɓa, mun saba da adaidaita sahu, amma a Zariya ɗan acaɓa yana nan da ransa, shi ya goya ni har Wusasa. Unguwar tana da nata tarihi. A 1929 mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni ya koma can, aka gina cocin St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, mai bakan gizo da azara, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Za ka ga gidan Musulmi jingine da na Kirista, Hausar bakinsu ɗaya, zaurensu iri ɗaya.

Baba ya tarbe ni a ƙofar gida da wasan da ke tsakanin Zage-zagi da Kanawa. "Bakano ya iso, a ɓoye kayan sayarwa!" in ji shi, yana riƙe da hannuna bai saki ba har zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na shiga ciki na gaida Inna. Ɗakin baƙi aka share mini, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ajiye buta da ruwa a randa. Da na ambaci masaukin da na yi niyyar kamawa a Sabon Gari, Inna ta ce kada in ƙara faɗa a gidanta. Tuwon masara aka kawo da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Mu mun fi sabawa da tuwon shinkafa da na dawa, amma masarar bana da aka niƙo jiya tana da wani gardi da ba a samu a garin kanti.

Da la'asar sakaliya jikan Baba ya raka ni muka hau dutsen. Kufena ba ta da wuyar hawa in ka bi gefen da ya kwanta, sai dai santsin inda ruwa ya bi. Daga sama ana ganin birni ta gabas, da dutsen Madarkaci a cikinsa, ga dogon benen jami'ar Ahmadu Bello can arewa a Samaru. A ƙasa kuwa, tsakanin gonaki, ragowar tsohuwar ganuwa ce take bi tana ɓacewa tana sake fitowa. Masu tarihi sun ce sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, ta zauna a nan Kufena, kafin ta tabbata a birnin da ya ɗauki sunan Zariya, 'yar Bakwa Turunku, ƙanwar Amina, a ƙarni na 16. Wurin yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, amma garma da masu ɗibar ƙasar gini ba su san da wannan ba. Na ga inda aka yanke ganuwar aka shuka gyaɗa, abin ya tsaya mini a rai.

Washegari da hantsi, lokacin da haske ya fi faɗowa ta tagar gabas, Baba ya buɗe akwatinsa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai baki da ya ɗaure a gefen tebur, shi ke damƙe ƙugiyar. Ga ƙaramin almakashi, ga matsefata, ga dunƙulen kakin zuma da yake murza zare a kai don ya kama. Ya ce wadda zai ɗaura mini sunanta Jock Scott, kuma a duk ƙugiyoyin kifin samon babu wadda ta kai ta suna. Sunan wani bara ne, John Scott, wanda ake kira Jock, haifaffen 1817, wanda ya yi wa wani basarake, Lord John Scott, hidimar rakiya a bakin kogin Tweed. Wajen 1850 ya haɗa ta, ya rasu a 1893, har yau kuma ba a kiranta da sunan ubangidan.

Daga wutsiya ake farawa. Ya naɗa zaren azurfa siriri sau kaɗan a lanƙwasar ƙugiyar, ya bi shi da siliki rawaya. Ya ɗora wani gashi ruwan zinare mai lanƙwasa, na tukkun wani tsuntsun ƙasar Sin, ya zama wutsiya. Sai ya zaro sili ɗaya na baƙin gashin jimina ya naɗa, ya yi ɗan zobe mai laushi. Jikin gida biyu ne daidai wa daida: na baya rawaya, na gaba baƙi, kowanne an yi masa ɗamara da azurfa, tsakaninsu wani zoben jiminar. A maƙogwaro kuwa gashin zabo ne, da ɗigo-ɗigonsa fari a kan toka-toka, irin wanda ake sharewa a bayan kowane gida ranar da aka yi baƙi.

Fiffiken ne aikin. Baba ya yanko 'yan siraran yankuna daga gashi daban-daban, na talotalo, na dawisu, na agwagwa, da farin gashin dinya da ya rina da kansa, wani shuɗi, wani ja, wani rawaya. Ya jera biyu gefe da gefe a tsakanin babban yatsa da manuni, ya shafa su daga gindi zuwa tsini, sai suka manne kamar daga jikin tsuntsu ɗaya suka fito. Ya ce kowane silin gashi yana da ƙananan ƙugiyoyi a gefensa da ido ba ya gani, su ne tsuntsu yake gyarawa da baki in yana tsefe jikinsa, kuma in ka haɗa na fiffiken dama da na dama za su kama juna ko da tsuntsayen ba su taɓa haɗuwa ba. Haka ya yi ta aurar da su, launi bayan launi, har ya sami fiffike biyu masu ratsi. Da ya zo ɗaura su ya riƙe numfashi, ya zagayo da zare sako-sako, ya ja shi a hankali ta ƙasa. In aka ja da gaggawa fiffiken ya murɗe, aikin safiya ya tashi a banza. Na duba hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, a nan ko motsi.

Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da wannan ba sai aikin masu ɗinkin hannu na cikin birnin Zariya, waɗanda ke zama a zaure wata da watanni a kan aska takwas ta babbar riga guda. Zaren da Baba yake amfani da shi ma a wurin masu sayar musu da zare yake saya.

A ainihin tsarin, in ji shi, akwai gashin da shi ba ya sawa: na zakaran dajin Indiya, na tuje, na aku mai shuɗi da na wani tsuntsu mai ƙaton baki daga dazukan Kudancin Amurka. Zamanin da Ingila take mulkin babban ɓangare na duniya aka tsara waɗannan ƙugiyoyi, jiragen ruwa suna sauke gashin tsuntsayen kowace nahiya a Landan. Mu ma muna cikin wannan ciniki. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma yana tashi daga Kano da gashin jimina da hauren giwa da jar fata, ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus, daga can kaya su haye Turai. Gashin jiminar ƙasarmu ya yi sunan da a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo mutane takanas har Kano neman irin tsuntsayen, kafin kasuwar ta rushe a 1914. Yau jimina sai a gidan zu da fadar sarakuna, a figini da takalmin sarki. Yawancin tsuntsayen da Baba ya lissafa yanzu doka ta taƙaita cinikinsu, amma kwaɗayin bai mutu ba. A 2009 wani saurayi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan ya fasa gidan adana kayan tarihi na Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, ya riƙa sayar wa masu ɗaure ƙugiya. Baba ya girgiza kai da ya zo nan. "Ɗana, kifi bai san aku ba. Mutum ne yake son aku."

Daga nan ya gaya mini abin da ya fi ba ni mamaki. Samon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana ƙiba har wajen Girinland, sannan ya komo kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai. Tun daga ranar da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci. Ke nan duk wannan ado ana yi wa kifin da ba ya jin yunwa ne, ana tsokanarsa ya kai cafka don fushi ko don tsohon sabo. Shi ya sa masu kamun yanzu suka koma ƙugiyoyi masu sauƙi na gashin dabba, suna kuma kamawa, su Jock Scott suka koma cikin gilashi a bango. Ya ba ni labarin Megan Boyd, wata mata a kusa da Brora a arewacin Sikotland, wadda ta shafe rayuwarta tana ɗaure irin waɗannan har ga 'ya'yan sarautar Ingila, ta rasu a 2001 ba ta kamun kifi da kanta.

Kwana na uku muka ɗauki sandar fatsarsa, wata doguwa mai gaɓa-gaɓa da ake harhaɗawa, jikansa ya tuƙa mu. Muka ratsa birni ta gaban fada da Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, muka fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, muka kama tsohuwar hanyar Jos har Dakace, inda Galma take wucewa. Ita ce uwar ruwan Zariya, Kubanni da ta ratso Samaru a cikinta take zubewa, ita kuma ta kai wa kogin Kaduna. Masu lambu sun fara gyaran fadama, injinan ban ruwa suna ta ƙara.

Wani dattijon masunci muka tarar a ƙarƙashin bishiya yana ɗinke birgi. Ya amsa sallama, ya janyo mana buhu muka zauna, ya aiki yaro ya kawo mana gasasshiyar masara tun bai tambayi abin da ke tafe da mu ba. Baba ya buɗe gwangwani ya miƙa masa ƙugiyar. Ya juya ta, ya ɗaga ta sama, ya gwada kaifinta a farcensa, ya hura gashin ya ga yadda yake buɗewa. "Malam, wannan ai ta amarya ce," in ji shi. "Wa ka ɗinka wa?" Da aka yi masa bayani bai yi dariya ba. Ya ce in tsage ne zai bi ta, domin shi duk abin da ya yi walƙiya nasa ne, amma cafka ɗaya zai yi wa gashin kaca-kaca da haƙoransa, kuma rabonsa da ganin tsagen kirki a nan an daɗe. Ya dubi farar rigar Baba ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Koma bayan ciyawar can, rana ta kasance a gabanka."

A irin wannan kamu nauyin yana jikin igiya ne, ƙugiyar ba ta da nauyin komai. Baba ya ɗaga sanda, igiya ta miƙe a bayansa cikin iska, ya dakata ƙiftawar ido, ya turo ta gaba, ta warware a kan ruwa ta ajiye ƙugiyar can tsallaken igiyar ruwa. Sai ya bar ruwa ya ja ta, tana yanko kogin a karkace, ya taka taki ɗaya ƙasa ya sake jefawa. Yaran masu lambu suka bar aiki suka yi layi. A cikin ruwan, wanda bai gama washewa ba, rawayar tana ɗaukar ido, gashin zabon yana buɗewa yana rufewa. Ƙananan kifaye suka yi ta bin ta suna komawa, ta fi ƙarfin bakinsu.

Masuncin ne ya warware matsalar. Ya ce kawara a saman ruwa take kiwo, abin da ya faɗo daga ciyawa take jira, fara ko shinge, kuma ba ta son abu babba. Ya zaro wata 'yar ƙugiya daga hularsa. Baba ya zauna a kan buhu, ya riƙe ta da yatsu, ya naɗa mata baƙin zare da gashin zabo guda ɗaya tak, aikin da bai kai a sha kofin shayi ba. Dattijon ya nuna masa wata inuwa a gindin gaɓa inda ruwa yake juyawa. Ƙugiyar tana sauka ruwa ya fashe, sanda ta lanƙwasa, sai ga kawara tana walƙiya, jar wutsiyarta tana kaɗawa. Yara suka sa ihu. Kafin azahar an tara abin miya, ɗan masuncin kuma, da sandar gora da tana, ya fito da tarwaɗar da ta fi duk abin da muka kama nauyi.

Da muka zauna cin abinci na tambayi dattijon kayan aikinsa. Ya nuna mini mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi birjik kusa da juna, ba koto, ana shimfiɗa ta daf da ƙasan ruwa ta kama tarwaɗa da kurungu a jiki in sun zo wucewa da dare. Ya nuna mini kalli da gura. Ya san ramin da gaiwa take shiga ta rufe kanta da laka in ruwa ya janye, ya san daren da kifi yake hawa in sabon ruwa ya zo, ya san kowane gurbi da sunansa. Kukansa uku ne: masu jan gidan sauro a ruwa suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba, masu zuba guba da rani, da noman da ya ci har bakin gaɓa, ƙasa tana zubowa tana cike gurabe. Baba ya ce a Sikotland kowane yanki na kogi yana da mai shi, haya ake biya mai tsada kafin a jefa ƙugiya, ranar Lahadi kuma doka ta hana kamun samon. Dattijon ya yi salati da jin ana sayar da ruwan Allah, amma hutun ya burge shi. Ya ce da can ma sarkin ruwa yana rufe gurbi, babu mai taɓawa sai ranar da ya buɗe.

Na tambaye shi wa ya fara ƙirƙiro mamari. Ya ce gada suka yi. Nan ne abin ya dame ni, har yanzu kuma yana damuna. A 1895 George Kelson ya buga littafi a kan ƙugiyoyin samon, ya jera ɗaruruwansu, kowace da gashinta da zarenta bi da bi, da sunan wanda ya tsara ta in an sani. Saboda haka ne tsoho a gindin Kufena yake iya ɗaura abin da bara ya ɗaura a bakin Tweed ba tare da ya kauce ba. Mutumin da ke gabana ya fi Baba sanin kifi nesa ba kusa ba, Baban ma da bakinsa ya faɗa, amma iliminsa a kansa yake, 'ya'yansa kuma biyu sun koma acaɓa. Muna da bikin Argungu tun 1934, duniya tana zuwa kallon rana ɗaya ta Matan Fada, mun san nauyin giwan ruwan da ya ci gasa, amma ba mu rubuta yadda ake karanta ruwa ba. Babban Gwani ya yi sa'a ginin da ya yi ya riƙe sunansa. Masunci aikinsa a ruwa yake.

Kifin kogi kashi-kashi ake sayar da shi a nan, ba a san kilo ba, ba kamar tarwaɗar gona da muke saya a Kano a kan sikeli ba. Na taya kashi biyu na karfasa, dattijon ya ce naira 4,000, ya ƙara mini kurungu uku gyara, tarwaɗar ɗansa kuwa ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba, ta Inna ce.

Za mu tashi sai ya riƙe hannun Baba, ya ce yana son irin 'yar ƙaramar nan guda goma kafin farkon damina, lokacin da shinge yake tashi, zai kawo gashin zabo da kansa. Baba ya ce ya yarda, amma ba kuɗi yake so ba. Duk ranar Alhamis yaron nan mai tarwaɗa ya zo Wusasa ya koyi ɗauri, shi kuma dattijon ya zo tare da shi ya zauna a zaure, ya faɗi sunayen gurabun Galma tun daga madatsar ruwa har mahaɗar Kubanni, da kifin da ke kwana a kowanne, da sunan wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan, jikan Baba yana rubutawa.

"Kuɗin acaɓa fa, Malam?" in ji dattijon.

"Wannan na Bakano ne," in ji Baba, yana nuna ni. Na ciro na wata uku na ba yaron a hannunsa, muka kama hanyar gida kafin kifin ya sauya.